Kyautar fiyano: Yadda za ka zaɓi mai sauƙin kuɗi wanda ba zai ƙare a bayan ƙofa ba

A Rawayya ta ƙasar Bunguɗu aka haifi Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar III, wanda ya rasu a 1973. A zamaninsa idan basarake ya so ya kyautata wa makaɗi, doki yake ba shi ko babbar riga ko kuɗi. Kayan kiɗan kuwa, taushi ne ko kotso ko kalangu, makaɗin ke neman abinsa da kansa, don shi ya san icen da fatar da ke ba shi amon da yake so.

Yau a Gusau da Tsafe da Bunguɗu akwai wani rukunin makaɗa da ba a sassaƙa kayan aikinsu a gida. Akwai matasan da ke buga wa mawaƙan biki da na siyasa kiɗa a ƙananan situdiyo. Akwai masu bi wa mawaƙa a majami'u ranar Lahadi. Akwai ɗalibai da masu yi wa ƙasa hidima da suka koyi fiyano a makaranta, suka zo Zamfara ba su da abin da za su riƙa motsa hannu da shi. Dukansu abu ɗaya suke bukata, wato akwatin nan mai farare da baƙaƙen madannai wanda ke aiki da lantarki, wanda Bahaushe ya haɗa duka ya kira fiyano.

Yaya ko miji ko uwa da ke son yi wa irin wannan mutum kyauta yakan shiga shago da kyakkyawar niyya, ya fito da abin da mai kiɗan zai karɓa da godiya, ya jingine a bayan ƙofa. Kuɗin kuma ba kaɗan ba ne. A 2024 ƙaramin fiyano na kirki irin Yamaha PSR-E373 ya kai wajen dala 200 a kasuwannin Amurka. Tun bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a cikin 2024. A wannan lissafi ana maganar naira 300,000 ke nan kafin kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Albashin sama da wata huɗu ba abin da za a yi caca da shi ba ne.

Wane irin makaɗi ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce masu saye suka fi tsallakewa. Sunan fiyano ya rufe na'urori biyu da suka yi kama a ido amma aikinsu ya sha bamban.

Na farko shi ne wanda masu kiɗan finafinai da na biki suka sani. Cikinsa cike yake da ɗaruruwan muryoyi, daga sarewa zuwa goge zuwa ganguna, yana kuma da kiɗan rakiya da yake bugawa da kansa da zarar an danna masa madanni biyu ko uku da hannun hagu. Irin wannan ne ya sauya kiɗan Hausa na zamani. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu a kan yadda situdiyon Iyan-Tama da ke Kano ya shigo da fiyanon Yamaha samfurin PSR cikin harkar fim a tsakiyar shekarun 1990, da yadda kiɗan fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya ya ja sauran masu shirya finafinai zuwa wannan sauti. Mutum ɗaya da yatsu goma ya maye gurbin ƙungiyar makaɗa. Har yau idan matashi a Gusau ya ce yana son fiyano, galibi wannan yake nufi.

Na biyu shi ne wanda aka ƙera don ya kwaikwayi fiyano na asali, babban nan na katako da wayoyi a ciki. Muryoyinsa kaɗan ne, wani guda goma kacal, kuma sau da yawa ba shi da kiɗan rakiya. Duk kuɗinsa a madannai da ingancin sauti ya tafi. Wanda ya koyi karanta rubutun kiɗa, ko yake shirin jarrabawar ƙungiyar MUSON ta Legas ko ta ABRSM ta Ingila, wannan yake bukata.

Ka ba makaɗin biki Yamaha P-45 mai murya goma, zai tambaye ka ina gangunan suke. Ka ba ɗalibar fiyano PSR mai murya 622, za ta ji madannan suna lotsawa kamar soso a ƙarƙashin yatsunta. Kowanne cikin biyun kaya ne mai kyau, sai dai an kai shi gidan da ba nasa ba.

Hanyar ganewa ba ta da wuya. Dubi abin da mutumin yake bugawa a wurin aiki ko wurin ibada ko makaranta, ka ɗauki hoton suna da lambar da ke jikinsa. Ka lura ko yana buɗe littafin rubutun kiɗa a gabansa, ko kuwa da kunne yake bin mawaƙi yana matsa maɓallan ganguna.

Abin da yatsa ke ji

A birnin Fulorens na Italiya, wajen shekarar 1700, Bartolomeo Cristofori ya ƙera fiyano na farko. Abin da ya bambanta shi da kayan kiɗan da suka gabace shi shi ne, idan ka taɓa a hankali zai yi magana a hankali, idan ka buga da ƙarfi zai ɗaga murya. Sunan ma daga nan ya fito, domin a Italiyanci kalmar tana nufin a hankali. A ciki akwai ƙananan guduma da ke dukan wayoyi, kuma nauyin gudumar ne yatsa ke ji.

Daga nan ake samun matakai uku a kasuwa, kuma a nan ne ake cutar mai saye.

Mataki na ƙasa shi ne fiyanon da bai san bambancin taɓi ba. Ko ka shafa ko ka naushe shi, murya ɗaya zai yi. Yamaha PSR-E273 da Casio CT-S200 suna cikin wannan aji. Suna da amfani ga yaron da ake gwada ko yana da sha'awa, amma ga wanda ya riga ya iya, kamar a ba mai wa'azi lasifikar da ba a iya ragewa ko ƙarawa ne. A ganina, duk arharsa, kada a yi kyautarsa ga makaɗi.

Mataki na tsakiya yana jin ƙarfin yatsa amma madannansa ba su da nauyi, ƙaramin sifirin ne ke mayar da su. PSR-E373 da magajinsa PSR-E383 da Casio CT-S300 suna nan. Tazarar kuɗi tsakaninsu da na ƙasa ba ta da yawa, tazarar amfani kuwa babba ce. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da ya dace a ba wanda ya iya kiɗa.

Mataki na sama yana da gudumomi a ƙarƙashin madannai don su yi nauyi irin na asali, na hagu sun fi na dama nauyi kaɗan kamar yadda yake a babban fiyano. Mafi araha a wannan aji su ne Yamaha P-45 da P-145 da ya gaje shi a 2023, da Casio CDP-S110, da Roland FP-10. Kuɗinsu yakan ninka na matakin tsakiya sau biyu ko fiye. Dalilin da ya sa malaman fiyano ke nacewa a kansu shi ne, ɗalibin da ya shekara yana atisaye a kan madannai marasa nauyi, ranar da ya zauna gaban na asali yatsunsa za su gaji da wuri, kuma ba zai iya sarrafa sanyin murya da ƙarfinta ba.

A shago gwajin minti ɗaya ne. A kunna, a zaɓi muryar fiyano, a danna madanni ɗaya a hankali sannan da ƙarfi. Idan ba a ji bambanci ba, a ce mai shago ya duba ko an kashe wannan tsari ne a cikin saiti. Idan babu shi sam, a wuce. Don gane mai guduma kuwa, ko a kashe yake, yatsa zai ji madannin yana turjewa kafin ya sauka.

61 ko 76 ko 88?

Cikakken fiyano madannai 88 gare shi, farare 52 da baƙaƙe 36. Yawancin masu sauƙin kuɗi 61 ne, wato zango biyar. Ba abin rainawa ba ne, don fiyanon da Mozart ya yi aiki da shi ma zango biyar ne. Waƙoƙin biki da na fim da yawancin na majami'a suna shiga cikin 61 ba tare da matsala ba. Kiɗan Hausa da yawa ma a kan sautuka biyar yake tafiya, shi ya sa za ka ga yaro ya laluɓo karin waƙar gargajiya a kan baƙaƙen madannai kawai. Wanda ya yi nisa har ya kai ayyukan su Chopin da Liszt shi ne hannunsa zai riƙa faɗawa waje idan madannan ba su cika ba. Masu 76 irin PSR-EW310 tsaka-tsaki ne.

Abin gudu shi ne masu ƙananan madannai, irin Casio SA-76 mai 44 ko Yamaha PSS-A50 mai 37, da kuma tarin na yara marasa suna da ake haɗawa da ɗan makirfo na roba. Yatsan babba ba ya sakewa a kansu. Haka nan wanda ake naɗewa kamar tabarma, abin wasa ne.

Akwai wani tarko kuma da ya fi kama masu saye ta intanet. Za ka ga fiyano mai kyan gani da arha ta ban mamaki, ya iso, a kunna, shiru. Irin wannan ba shi da sifika kuma ba shi da murya ko ɗaya a cikinsa, aikinsa kawai aika saƙo zuwa kwamfuta ta tsarin MIDI, wanda kamfanoni suka amince da shi tun 1983. Ga matashin da ke haɗa kiɗa da manhajar FL Studio a kwamfutarsa, wannan kyauta ce mai kyau ƙwarai kuma mai sauƙi. Ga wanda ba shi da kwamfuta, katako ne.

Game da yawan muryoyin da ake rubutawa da manyan baƙi a jikin kwali, kada su ruɗe ka. Makaɗi da wuya ya yi amfani da fiye da ashirin. Lambar da ta fi amfani ita ce yawan sautukan da na'urar ke iya fitarwa a lokaci guda. PSR-E373 da CT-S300 suna da 48, P-45 da CDP-S110 suna da 64, FP-10 yana da 96. Idan adadin ya yi kaɗan, sautukan farko sukan yanke a tsakiyar kiɗa da zarar an taka feda ko an kunna ganguna.

Wuta da ƙura

Masu rubuta sharhin kayan kiɗa a Turai ba sa tunanin ɗaukewar wuta. Mai saye a Tsafe dole ya yi. Zamfara tana ƙarƙashin kamfanin rarraba lantarki na Kaduna ne tare da Sakkwato da Kebbi, kuma duk mazaunin yankin ya san sa'o'in da ake yi babu ita. Fiyanon da ba ya aiki sai da wutar gwamnati zai yi barci fiye da aiki.

A nan ƙananan sun yi wa manya fintinkau. PSR-E373 da CT-S300 suna aiki da ƙananan batura shida. Idan aka haɗa da batura masu caji da cajarsu, an gama da wannan matsala. Cikin masu madannai 88 kuwa, P-45 da FP-10 ba su da gurbin batir, amma CDP-S110 yana da shi, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mazaunin Bunguɗu ya fifita shi ko da makaɗin ya fi sabawa da sunan Yamaha. Gidan da ke da sola ba shi da damuwa, don waɗannan na'urori ba su cin wuta, ƙwan fitila irin na da ya fi su ci.

Adafta ita ce abin da ya fi kashe fiyano a ƙasar nan. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120. Na hannu da aka kwaso daga can yakan zo da adaftar da ba ta ɗaukar wutarmu, ana jona ta sai hayaƙi. A karanta rubutun da ke bayanta, a tabbatar an rubuta 240 a ciki. Sannan kowane samfuri da tasa: ƙananan PSR-E bolt 12 suke sha, su CT-S300 kuma 9.5. Ɗauko ta rediyo ko ta wata na'ura don kawai bakinta ya shiga ganganci ne. Mai amfani da janareta ya sa sitabilaiza a tsakani.

Sai ƙura. A ƙarƙashin kowane madanni akwai 'yar roba da ke taɓa allon lantarki. Ƙurar hunturu tana shiga tsakaninsu, sai madanni ya daina magana, ko ya riƙa ihu da cikakken ƙarfi ko da shafa shi aka yi. Tela zai ɗinka masa riga da ɗan yadi mai kauri a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, kuma wannan rigar za ta iya ƙara masa shekaru. Kada a bar shi cikin mota a ranar bazara, roba tana lanƙwasa.

Sabo ko na hannu?

Idan kuɗi ya gaza, ra'ayina shi ne na hannu na kamfanin da aka sani ya fi sabo mara suna. Yamaha ya faro tun 1887 a garin Hamamatsu na Japan, Casio ya fitar da Casiotone na farko a 1980, kuma saboda yawansu a hannun jama'a masu gyara sun san cikinsu, ana samun robobinsu da adaftocinsu. Mara suna idan ya lalace ya gama yawo.

Amma na hannu sai da ido. A danna madannan duka ɗaya bayan ɗaya, fari da baƙi, a hankali da ƙarfi, ko da mai shago zai ƙosa. A ƙure murya a ji ko sifika na karkarwa. A girgiza bakin adafta a ga ko yana ɗaukewa. A buɗe gurbin batir a duba tsatsa. A duba allon rubutu ko ya dushe. Tsofaffin manyan samfura irin PSR-550 da PSR-2000 suna da sauti mai daɗi har yanzu, kuma masu kiɗan biki na son su, sai dai da tsohon faifan nan mai kusurwa huɗu suke ajiye kiɗa, wanda samunsa yanzu aiki ne. Wanda zai riƙa loda salon kiɗa ya nemi mai ƙofar filashi.

Jabu ma suna nan. Akwai masu buga sunan babban kamfani a jikin kayan da bai taɓa ƙerawa ba. Wayar da kake karanta wannan da ita ta isa ta cece ka: rubuta lambar samfurin a shafin kamfanin. Idan babu ita a can, ko hoton bai yi daidai da abin da ke gabanka ba, ka riƙe kuɗinka.

Zaɓi a Gusau bai kai na manyan birane ba, don haka da yawa sukan nufi Sabon Garin Kano ko Kaduna, ko su yi oda daga kasuwar Alaba ta Legas, ko ta Jumia da Konga da Jiji. A Jiji mutane ne ke sayar wa mutane, saboda haka kada a tura kuɗi kafin wani amintacce ya je ya gani ya gwada. Idan ta mota za a aiko, a tuna mai madannai 88 ya haura mita ɗaya da kwata a tsayi, nauyinsa ya wuce kilo goma, kuma hanyar Funtuwa zuwa Tsafe zuwa Gusau ba ta da tausayin kaya. A bar shi cikin kwalinsa na asali da farin soson da ya zo da shi, a biya masa kujera idan ta kama, kada a yarda a ɗora masa buhu. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar, a tambayi sharaɗin garanti tun kafin a biya.

Ƙananan abubuwan da ake mantawa

Feda ta farko. Ita ce ake takawa da ƙafa don sauti ya ci gaba da amo bayan an ɗaga yatsa, kuma ɗan fiyano ba ya jin daɗin kiɗa babu ita. Yawancin masu madannai 61 ba sa zuwa da ita. Ta Yamaha da ta Casio tsarin wayarsu a juye yake, shi ya sa wani zai saya ya ga tana aiki a baibai, sauti na tsayawa idan ya taka. Akwai masu ɗan makunni a ƙasa da ke aiki da kowanne, su ya kamata a nema.

Sai abin ɗorawa mai siffar almakashi, don bugawa a kan gado ko tabarma yana ɓata zaman hannu da baya. Sai abin sawa a kunne, wanda a gidajenmu na haya ya fi ƙarfin ado. Da shi mutum zai yi atisaye da dare bai tashi jariri ba, bai shiga haƙƙin maƙwabci ba. A duba bakinsa, don da yawa cikin fiyanon Yamaha babban rami gare su, sai an haɗa da ɗan mahaɗi kafin na waya ya shiga.

Akwai kuma batun gidan da kyautar za ta shiga. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, kuma muhawara kan sa fiyano cikin waƙoƙin yabon Annabi ta daɗe a Arewa. Akwai gidajen da ba a shigar da shi. Idan matashi ne a gaban iyayensa, ko matar aure, a nemi yardar masu gidan tukuna, don kada kyauta ta zama sanadin rigima.

Idan bayan duk wannan kuɗin hannunka ba su kai matakin da makaɗin ke bukata ba, ba dole sai fiyanon ba. Wanda ya riga ya mallaki nasa zai yi murna da feda mai kyau, ko jaka mai soso ta yawon biki, ko batura masu caji. 'Yan'uwa uku ko huɗu kuma za su iya yin karo-karo su sayi CDP-S110 guda ɗaya maimakon kowa ya kawo tarkacensa. Idan makaɗin yana gari, a ɗauke shi a tafi shagon tare, a gaya masa iyakar kuɗin tun a hanya, a bar shi ya zauna ya buga na minti goma a kan kowanne kafin a fara ciniki.